Katin Makin Jirgi: A Auna Shi Da Kilo, Ba Da Tikitin Kyauta Ba

Daren da jirgin Afirka zai tashi daga filin Baiyun da ke Guangzhou, ba sai an nuna maka layinmu ba. Tun daga nesa za ka hango tulin kaya: akwatuna naɗe da leda, jakunkunan bakko an ɗaure su tamau da salatif, kwalaye a kan amalanke har sun tsere wa masu turawa tsawo. A cikin irin wannan layi na ga wata Hajiya, 'yar kasuwar Kantin Kwari, ta durƙusa a gaban ma'auni ta buɗe akwati. Allon ya nuna kilo 27, ma'aikaciyar kuma ta ce 23 ne iyaka. Hajiya ta ciro takalma ta cusa a jakar hannu, ta ciro bandir ɗin leshi biyu ta rungume, ta mayar da akwatin, allon ya ce 25. Ta sake saukewa. Gumi ya jiƙa mata mayafi, mutanen da ke bayanta sun fara tsaki.

Ana cikin haka wani saurayi mai sayar da kayan waya a Farm Centre ya zo ya wuce ta gajeren layin da ke gefe, ya ɗora akwati uku, aka liƙa musu takarda, ko sisi bai biya ba. Da muka haɗu a wurin jiran shiga jirgi, Hajiya ta kasa haƙuri.

"Ɗana, kai bizines ka yanka ne?"

"A'a Hajiya, duk a baya za mu zauna. Kati gare ni."

"Wane irin kati kuma?"

Ya ciro waya ya nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ita fiye da shekara goma ke nan tana bin wannan hanya, a wannan kamfanin, sau uku ko huɗu duk shekara, babu wanda ya taɓa gaya mata akwai wani abu wai shi kati. Abin ya tsaya mini a rai har yau, domin da a ce tun farko an yi mata rajista, da ita ma a gajeren layin take, kuma kuɗin ƙarin kayan da ta biya cikin shekarun nan da ya isa jarin wani.

Abin da ake magana a kai ba sabo ba ne ga duk wanda ya san kasuwa. Gyara ne. Ka saba sayen hatsi a wurin mutum guda, in ya gama awo sai ya ƙara maka ɗan hannu, don gobe ma ka dawo. Kamfanonin jirage haka suke yi: ka yi rajista kyauta, su ba ka lamba, duk tafiyar da ka yi da wannan lamba su rubuta maka maki, wanda akasari suke kira mil. Kamfanin American Airlines ne ya shahara da fara wannan tsari a 1981, sauran suka bi sahu, har ya zama da wuya ka sami babban kamfani a duniya da ba shi da nasa. Sai dai mai hatsi ba ya ba ka gyara don tausayi, haka su ma. A 2020, da annobar korona ta tsayar da jirage cak, kamfanin United na Amurka ya jinginar da tsarin makinsa ya ciwo bashin dala biliyan 6.8, Delta kuma ya ciwo biliyan 9 da nasa. Masu ba da bashi sun amince da katin maki a matsayin jingina a lokacin da jiragen kansu suke fake babu fasinja. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum wanda ya fi cin moriyar tsarin.

Dalilin wannan daraja a can shi ne katin bashi na banki. Ba'amurke yana tara mafi yawan makinsa ne a kantin cefane da gidan mai, bankuna na sayen makin daga kamfanonin jirage suna raba wa kwastomominsu. Mu a nan galibinmu ba mu da wannan ƙofa. Makinmu daga kujerar jirgi yake fitowa, da zaman sa'o'i goma ƙafa a takure. Shi ya sa nake jin takaici in na ga matasanmu suna kwaso shawarwarin da aka rubuta domin mazauna Landan da New York suna yaɗawa a WhatsApp, wai tsarin kaza ne ya fi kowanne a duniya. Ya fi ga wa? Tsarin da jirginsa ba ya sauka a garinku, ko da zinare aka yi katinsa, ado ne kawai a cikin waya.

Saboda haka tambayar farko ba ta kamfani ba ce, ta hanya ce. Ina kake zuwa, daga ina kake tashi, sau nawa a shekara? Mutumin Kano da ke zuwa Caina baje kolin Canton na watan Afrilu da na Oktoba, da mai zuwa Deira a Dubai, da mai sarin kaya a Laleli ta Istanbul, da mai kai mahaifiyarsa asibiti a Alƙahira, da ɗalibin da ke karatu a Malesiya, ba kati ɗaya ne ya dace da su ba. Filin jirgin Malam Aminu Kano, duk da cewa a Kano ne jirgin sama ya fara sauka a Najeriya a 1925, jiragen ƙetaren da suke zuwa cikinsa a yau ba su da yawa. Ethiopian Airlines na bi da mutum ta Adis Ababa, EgyptAir ta Alƙahira, Qatar Airways kuma ya fara zuwa Kano a watan Maris na 2022, sai jiragen da ke jigila zuwa Jidda da Madina. Wanda ya yarda ya tashi daga Abuja ko Legas zaɓinsa ya fi faɗi, amma sai ya lissafa kuɗin tikitin cikin gida da na kwanan otal, da fargabar a ɗage jirgin farko ya rasa na biyu.

A nan ne sanin ƙawancen kamfanoni yake da amfani, kuma shi ne abin da na lura mutanenmu sun fi jahilta. Manyan kamfanonin duniya sun kasu rukuni uku. Akwai Star Alliance da aka kafa a 1997, akwai oneworld na 1999, akwai SkyTeam na 2000. Ethiopian da EgyptAir da Turkish Airlines da Lufthansa da South African duk 'yan Star ne. Qatar da British Airways da Royal Air Maroc suna oneworld. Saudia da Kenya Airways da Air France da KLM suna SkyTeam. Emirates ba ya cikin ko ɗaya. Ma'anar wannan ita ce, in kana da lambar ShebaMiles ta Ethiopian, ka hau EgyptAir zuwa Alƙahira ko Turkish zuwa Istanbul, kana iya ba da wannan lambar guda a zuba maka makin a wuri ɗaya. Na san 'yan kasuwar da ke da lambar Ethiopian daban, ta EgyptAir daban, ta Turkish daban, kowacce da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, alhali da sun haɗa su a asusu ɗaya da tuni sun kai matakin da zai amfane su. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ga wanda yake tashi daga Kano, ni dai a ganina rukunin Star ne ya fi dacewa ya zama gida, saboda kamfanoninsa biyu suna sauka a garin, na ukun kuma yana nan kusa a Abuja. Wanda harkarsa ta karkata ga Doha da Indiya da gabashin Asiya a jirgin Qatar, ya riƙe Privilege Club ɗinsa. Wanda ba ya zuwa ko'ina sai Saudiyya, Alfursan na Saudia ya fi masa ma'ana. Lamba ɗaya a kowane rukuni ta wadatar, kuma ko a cikin rukunan ma a sami wanda aka ba wa fifiko.

To, an zaɓi gida. Sai maganar da ta fi komai muhimmanci ga fasinjan ikonomi, wadda ejan-ejan ɗinmu ba sa faɗa: harafin tikiti. Kowane tikiti yana da harafi guda da ke nuna ajin farashinsa. Mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa a layi na talatin, su ci shinkafa iri ɗaya, amma na dama harafinsa Y, na hagu wani harafi ne na can ƙasa, kuma kuɗin da suka biya ya bambanta nesa ba kusa ba. A tsarin da ke lissafi da nisan tafiya, irin na Ethiopian da Turkish, harafin nan ne ke yanke kaso nawa na nisan za a rubuta maka. Wani harafin cikakke ake ba shi, wani rabi, wani rubu'i, wani kuma babu ko ɗaya, musamman in ka hau jirgin wani kamfani ka ba da lambar abokin ƙawancensa.

Bari mu yi lissafi a fili. Daga Kano zuwa Adis Ababa kimanin mil 2,000 ne, daga Adis zuwa Guangzhou kusan mil 5,000. Zuwa da dawowa ke nan wajen mil 14,000. In harafinka na cikakken kaso ne, 14,000 za ka samu. In na rabi ne, 7,000. In na rubu'i ne, 3,500. Tafiya ɗaya, gajiya ɗaya, sakamako ya ninka sau huɗu tsakanin na sama da na ƙasa. Kowane kamfani yana da jadawalin waɗannan haruffa a shafinsa na intanet, duba shi bai kai minti biyar ba. Ban ce mutum ya ƙara kuɗi mai yawa don ya sayi babban harafi ba, zan dawo kan wannan. Abin da nake cewa shi ne ya san abin da ya saya, domin wani lokaci ratar farashin da ke tsakanin harafin rubu'i da na rabi ƙanƙanuwa ce, kuma babban harafin kan zo da sauƙin canjin rana, abin da duk ɗan kasuwar da kayansa suka taɓa makara a masana'anta ya san darajarsa.

Akwai wani ciwo da ya shafe mu a nan. A 2022 da 2023, lokacin da kuɗin kamfanonin jiragen ƙetare ya maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, har ƙungiyarsu ta IATA ta ce ya haura dala miliyan 800, da yawansu sun rufe ƙananan haruffa a kasuwarmu. Ɗan Najeriya ya wayi gari ba ya iya sayen tikitin araha, sai na manyan haruffa, ana tsawwala masa farashi fiye da maƙwabtansa na Accra da Kotonu. Wannan zalunci ne a kan fasinja, kuma sai a 2024, bayan Babban Banki ya biya mafi yawan kuɗin, aka fara buɗe su. Amma waɗannan tikitoci masu tsada su ne masu ba da maki mafi yawa. Wanda yake da lamba a lokacin ya sami ɗan abin share hawaye. Wanda ba shi da ita ya biya tsadar, ya kuma bar gyaran a kan teburin mai kanti.

Da yawa daga cikin kamfanonin Turai da Amurka kuwa sun canza salon lissafi gaba ɗaya. Delta da United sun koma ba da maki bisa kuɗin da aka biya a 2015, Flying Blue na Air France da KLM da kuma Miles & More na Lufthansa suka bi a 2018, British Airways ya yi haka da makinsa na Avios a 2023. A irin wannan tsari, sabon ɗan Flying Blue maki 4 yake samu a kan kowane yuro, kuma ba a lissafa harajin gwamnati. Tikitin yuro 700 ya ba shi 2,800, ko da tafiyar ta tsallaka teku biyu. An gina wannan ne domin a fifita mai biyan kuɗin bizines. Mai doguwar tafiya a tikiti mai sauƙi, wato irinmu, tsarin nisa ya fi yi masa adalci, muddin harafinsa ba na can ƙasa ba ne.

Yanzu in koma kan saurayin nan da akwatunansa uku. Makin da ake tarawa iri biyu ne, kuma rikita su ne ke sa mutane su zaɓi tsarin da bai dace da su ba. Akwai makin kashewa, wanda ake canzawa zuwa tikiti ko ƙarin kaya ko hawa babbar kujera. Akwai kuma makin matsayi, wanda ba a kashe shi, ƙirga shi ake yi cikin shekara a ɗaga ka daga mataki zuwa mataki. Talla duk a kan na farkon take, hoton mutum a bakin teku da alkawarin tikitin kyauta. Ni kuwa ina ganin ga ɗan kasuwa na biyun ne riba. A ShebaMiles mil 25,000 a shekara na kai mutum matakin azurfa, 50,000 matakin zinare. Ka dawo kan lissafinmu: mai zuwa Caina sau huɗu a cikakken harafi ya tara 56,000, ya zama zinare. Wanda ya je sau huɗun a harafin rabi ya tsaya a 28,000, azurfa ce rabonsa. A Miles&Smiles na Turkish, mil 40,000 cikin wata goma sha biyu na ba da matakin Elite, wanda shi ma zinare ne a rukunin Star, kuma katin na yin shekara biyu. A Qatar, maki 150 na abin da suke kira Qpoints ne azurfa, 300 zinare.

Me zinaren yake haifarwa? A rukunin Star, ƙarin akwati guda ko kilo 20 a jiragen ƙawancen, gajeren layin awo, shiga jirgi da wuri tun kafin ma'ajiyar saman kujera ta cika, fitowar kaya a sahun farko, da shiga falon jira tare da baƙo ɗaya. Wanda ya taɓa yada zango na sa'o'i bakwai a filin Bole na Adis Ababa ko na Alƙahira, yana gyangyaɗi a kan kujerar ƙarfe da jakar kuɗi a ƙirji, ya san abin da wurin zama mai natsuwa da abinci da banɗaki mai tsabta na alwala suke nufi. Amma akwatin nan shi ne magana. Tikitin ikonomi a hanyoyinmu akasari akwati biyu masu kilo 23 yake ba da dama. Na uku in za ka biya, da dala ake biya, kuma ba kaɗan ba. Ka ninka wannan da tafiya huɗu, ka ga abin da katin ya mayar maka aljihu a shekara, kuɗi tsaba, ba alkawari ba. Sai kuma ranar wahala, ranar da aka soke jirgi fasinja ɗari uku suka yi cincirindo a gaban tebur guda. A ranar, mai matsayi ake fara nema wa kujera a jirgi na gaba.

Sai dai a yi hattara da azurfa. A jirgin kamfanin da ya ba ka ita tana iya zuwa da ɗan ƙarin kaya da gajeren layi, amma azurfar Star a jiragen sauran abokan ƙawance kusan ba ta ba da komai sai fifiko a jerin masu jiran gurbi. SkyTeam ya fi sassauci a nan, domin tun matakinsa na farko yana ba da ƙarin kaya a jiragen rukunin. Wanda ya san tafiyarsa ba za ta taɓa kai shi zinare ba, ya sa wannan a ma'auni kafin ya zaɓa.

Shi kuwa tikitin kyautar da ake ta kwaɗaitarwa, sunansa ne kawai kyauta. Makin yana biyan asalin farashin kujera ne. Harajin filayen jirgi da na gwamnati, da wani ƙarin da kamfanoni da yawa suke ɗorawa, wanda za ka gani a rasit da alamar YQ, duk daga aljihunka za su fito. Sannan kujerun da ake warewa domin masu maki 'yan kaɗan ne, kuma a lokacin da kowa ke son tafiya, goman ƙarshe na Ramadan, hutun ƙarshen shekara, makon baje koli, da wuya ka same su. Duk da haka ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Makin ba da Naira aka rubuta shi ba. Da aka saki farashin canji a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin tikiti ya ninka a aljihun kowa, amma makin da mutum ya tara a 2022 bai bi Naira ƙasa ba. Akwai iyayen da makin ne ya dawo musu da 'ya'yansu hutu a wannan tsakanin.

Abin da ke cin maki daban ne. Na farko kamfanin da kansa, domin shi ne mai bugawa, shi ne mai sa farashi, kuma yana iya wayar gari ya ce kujerar da ake samu da kaza yanzu sai ninkinta. Turkish ya yi irin wannan ƙari mai yawa a watan Fabrairun 2024. Na biyu wa'adi. Makin Turkish da na Skywards na Emirates kimanin shekara uku suke yi su mutu, ko kana tafiya ko ba ka yi. Avios na Qatar da British Airways ba ya mutuwa muddin an taɓa asusun, ko da sau ɗaya ne cikin wata 36. Ga mai tafiya sau ɗaya a shekara, wannan bambanci ya fi duk wani abu muhimmanci, domin shi a hankali yake tarawa, kuma tsarin da ke share tsohon maki ba zai taɓa barin tulunsa ya cika ba. Ni kaina na yi asarar makin doguwar tafiya uku a wani kamfani. Saƙon gargaɗin yana ta zuwa wani tsohon adireshin imel da na daina buɗewa, ranar da na shiga don in yanka wa ƙanwata tikiti na tarar da asusun wayam. Na yi waya, na yi rubutu, amsar guda ce: wa'adi ya cika.

Na uku kuma, jirgin ya daina zuwa. Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen Oktoban 2022, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoban 2024. Wanda ya tara makinsa a can ya ga shekara biyu cikin ukun sun wuce babu jirgin da zai hau daga gida. 'Yan'uwanmu na Yamai masu katin Flying Blue sun ga irin wannan da Air France ya daina sauka bayan juyin mulkin Yulin 2023. Wani lokaci ma kamfanin ne dungurungum ke rushewa. Air Afrique ya tafi a 2002, Nigeria Airways a 2003, Air Nigeria a 2012. Maki bashi ne a kan kamfani, kuma ranar rabon gadon kamfanin da ya mutu, mai maki ba ya cikin magada. Don haka duk lokacin da abin da ka tara ya isa wani abu mai amfani, kashe shi. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Kuma kamfanin da ke cikin ƙawance ya fi aminci, domin in ya janye daga garinku, makinka na iya hawar da kai jirgin abokinsa.

Akwai wata matsala da ta zama tamu ta gida, ita ce ta suna. Kwamfuta ba ta san cewa Muhammad da Mohammed da Muhammadu mutum ɗaya ne ba. Ba ta san cewa Abdullahi Sani da Sani Abdullahi ɗan gida ɗaya ne ba. In sunan da ke kan katin ya saɓa da na tikiti ko da harafi guda, makin na iya ƙin shiga, kai kuma ba za ka sani ba sai bayan watanni. A yi rajista da sunan da ke cikin fasfo, harafi da harafi, a jere yadda yake. A sa lambar waya da imel na mai tafiyar, ba na ejan ba, ba na yaron shago ba. In maki bai shiga ba, kamfanoni na karɓar ƙorafi bayan tafiya, wasu har wata shida, wasu shekara, amma za su nemi lambar tikiti da takardar shiga jirgi, wannan 'yar takardar da muke yarwa a kwandon shara tun kafin mu fita daga fili. A ɗauke ta hoto a ajiye.

Masu Umara su san cewa tikitin rukuni da kamfanonin yawon buɗe ido ke saya a dunƙule sau da yawa makinsa kaɗan ne ko babu, haka ma jiragen shata na jigilar alhazai. Wannan ba abin damuwa ba ne, ba maki ya kai su ba. Amma 'yan Kano-Jidda da ke zirga-zirga a jiragen yau da kullum, su kam kowace tafiya ba tare da lamba ba asara ce. Iyali masu tafiya tare su nemi tsarin da ke barin a haɗa makin 'yan gida a asusu ɗaya, kamar yadda Emirates da EgyptAir da British Airways suke yi, domin makin yara biyar a warwatse ba ya sayen komai. Ɗalibai kuma su duba Student Club na Qatar, wanda ke ba da rangwame da ƙarin kaya ba tare da sai an tara komai ba. Masu tallar sayar da maki a araha a kafafen sada zumunta kuwa, a guje su. Dokokin kamfanoni sun hana cinikin maki a bayan fage, in suka gano sai su soke tikitin su rufe asusun, kuma da yawan masu tallar asusun wasu suka yi wa kutse.

A cikin gida, Air Peace yana da Peace Advantage, Ibom Air yana da nasa, kuma babu laifi mai yawan zuwa Legas da Abuja ya yi rajista tunda kyauta ce. Sai dai har yanzu babu kamfanin Najeriya ko ɗaya a cikin manyan ƙawancen nan uku, saboda haka makin gida a gida yake tsayawa. Kuma gaskiyar magana, a hanyar Kano zuwa Abuja abin da fasinja yake nema shi ne jirgin ya tashi a kan lokaci. Kamfanin da ya ba shi wannan ya gama saye shi, ko babu kati.

Na yi alkawarin dawowa kan batun ƙarin kuɗi, kuma shi ne inda na fi tsoron a yi mini gurguwar fahimta. An ƙirƙiri tsarin nan ne domin ka daina kwatanta farashi, ka riƙa cewa ai ni ɗan kamfanin kaza ne. Na ga mutumin da ya bar tikiti mai sauƙi da hanya miƙaƙƙiya, ya sayi mai tsada da kwana a hanya, don kawai kada makinsa ya tsaya. Ƙarin da ya biya ya fi darajar makin sau da yawa. Ba a zuwa kasuwa don gyara. In bambancin farashi ƙanƙani ne, bi kamfaninka. In kana dab da zinare, kuma ka lissafa kuɗin akwatunan shekara mai zuwa ka ga sun fi ƙarin, to biya, ciniki ne mai riba. In ba haka ba, sayi mai araha ka hau, kada kati ya zame maka takunkumi. Wanda kuma tafiyarsa sau ɗaya ce a shekara biyu, ya cire matsayi daga ransa kwata-kwata, ya yi rajista a tsarin da makinsa ba ya saurin mutuwa, abin da ya taru alhamdu lillahi.

Kirana na ƙarshe ga ejan-ejan ɗinmu ne, na Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi. Mutanen nan sun ba ku amana, da yawansu ba sa karanta Turanci, kuma a hannunku suke sanin komai game da tafiyarsu. Yi wa kwastoma rajista bai fi minti goma ba, sa lambarsa a tikiti bai fi daƙiƙa talatin ba, kuma ba ya rage muku ko kwabo a la'adarku. Kai kuma mai karatu, in akwai irin Hajiyar nan a gidanku ko a layin shagonku, karɓi fasfonta a makon nan ka buɗe mata asusu a kamfanin da ta saba hawa, ka rubuta mata lambar a takarda ta ajiye tare da fasfon. Ranar da za ta sake yankar tikiti, ta miƙa wa ejan lambar, ta kuma tambaye shi wane harafi ya yanka mata.